Dokin Ƙofar Teta Razija

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wata a cikinku ta rubuto min tana cewa, "Ilhana, ke dai kin iya kewaye-kewaye. Ki fito fili ki faɗa mana, Elvedin ya san an yi miki aiki a gwiwa ko bai sani ba?" To, bai sani ba. Wata uku cur muna waya kullum, yana kallon fuskata ina kallon tasa, bai taɓa ganin abin da ke ƙasa da kafaɗata ba. Sandunan da nake dogarawa kuwa, da zarar wayar ta yi ƙara Mama take tura su ƙarƙashin kujera da ƙafarta. Wadda za ta zage ni ta ɗan dakata, ta ji abin da ya faru ranar Lahadin nan tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara bibiyata: shekarata ashirin da shida, ina aiki a wani kantin magani a nan Zenica, muna zaune ni da Mama da Babo, mahaifina, a hawa na huɗu. Elvedin ɗan Travnik ne, tayil yake ɗorawa a Slovenia. Ranar da ya fara ganina gudu nake ina bin bas da jaka biyu a hannu, kuma na kama ta. Tun daga ranar bai ƙara kirana da sunana ba, sai Barewa. Ya koma wajen aiki a watan Maris, da alkawarin zai dawo a Agusta iyayenmu su ga juna.

A Afrilu, a bikin 'yar kawuna, muna tsakiyar rawar kolo an riƙe hannu ana zagayawa, ni kuma da takalmi mai tsini wanda tsayuwa ma da shi aiki ne, na juya jikina ƙafar dama ta ƙi biyo ni. Na ji ƙas a cikin gwiwa. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwar ne ya yage, meniskus suke ce masa. Aka ɗinke shi a farkon Mayu, aka sallamo ni da sanduna biyu da abin ɗaure gwiwa mai ƙarfe a gefe, aka ce sati shida kada in ɗora mata nauyi.

"Ba wanda zai ji," in ji Mama ranar da muka dawo gida, tana cusa min matashi a ƙarƙashin ƙafa. "Musamman mutanen Travnik."

"Mama, Elvedin fa?"

"Shi ne na farko. Ya ji, uwarsa ta ji. Matar nan shekararta sittin da huɗu, ita ke nome lambunta, ita ke faskara itacenta. Gidansu kuma a kan tudu. So kike ta zauna tana tunanin ɗanta ya kwaso mata mai ɗingishi?"

Babo na bakin taga da jaridarsa da fensir, yana cike gurbin kalmomi. Bai ɗago ba ya ce, "Subhija, gwiwa ce fa ta yage. Ba banki yarinyar nan ta fasa ba."

"Kai dai cike jaridarka. Namiji ko da ƙafa ɗaya ya zo sai an ba shi mata, har a ce masa an gode."

Zan iya ɗora wa Mama laifin gaba ɗaya, kuma na san da yawanku za ku yarda. Amma gaskiya ni ma tsoro nake ji. Mutumin da yake kirana Barewa, ta yaya zan ce masa yanzu daga gado zuwa banɗaki sai na tsaya na huta? Na ce a raina, bari in warke tukuna, in ya dawo sai in ba shi labari muna dariya. Kullum da ya kira sai in gyara gashina, in ɗora wayar a kan tulun furanni, in yi murmushi.

Jinyar Mama kuwa, Allah ya saka mata, amma ta kusa gamawa da ni. Takardar motsa jiki da likita ya ba ni, ta mayar da ita abin ɗora kofin shayi, wai ciwo hutu yake so. Ta naɗe min gwiwa da ganyen kabeji safe da yamma. Ta rufe tagogi a watan Yuni kada iska ta ratsa ɗakin ta shiga ɗinkin, ta sa min safar ulu har ƙauri. Sannan ga pita, gasasshen burodinmu mai cushe, yau ta cuku, gobe ta dankali, jibi ta alayyafo, ina kwance ana turo min a faranti. Sati shidan suka cika, Mama ta ƙara min biyu daga aljihunta.

Ranar da na je wajen gashin ƙashi aka haɗa ni da Goga. Doguwar mace ce, ta kusa hamsin, tsohuwar 'yar ƙwallon hannu, kuma ko a kusa da kai take magana sai ka ɗauka wani take kira a ƙetaren titi. Ta kwantar da ni, ta zaro tef irin na tela, ta auna cinyar hagu, ta auna ta dama, ta sake aunawa.

"Arba'in da bakwai. Arba'in da biyu. Ina sauran?"

"Sauran me?"

"Cinyarki. A gida kika baro ta?"

Mama na zaune a kusurwa da jakarta a kan cinya. Ta ce, "Ai hutu na ba ta sosai."

"Na gani, uwargida. Hutun ya karɓe ta ko'ina, ban da inda muke nema." Ta juyo kaina, ta danna yatsa a gaban cinyata, yatsan ya nutse. "Saurara, 'yar gata. Ɗinkin ya kama, likita ya yi nasa. Amma ba gwiwa ce ke ɗaukar ki ba, wannan tsokar ce. Ita kuwa ba ta da kunya, sati biyu ba ki neme ta ba ta kwashe kayanta. Matse ta in gani."

Na matse. Wallahi na matse da duk ƙarfina, har na cije leɓe. Cinyar ko motsi ba ta yi ba. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar aikin, don ban taɓa sanin mutum zai ba jikinsa umarni jikin ya yi kamar ba da shi ake ba.

Goga ba ta lallashe ni ba. Ta naɗe tawul ta sa a ƙarƙashin gwiwar, ta ce in danna shi sau talatin, in yi kukan a tsakani. Haka muka fara. Daga tawul zuwa ɗaga ƙafa a miƙe, daga nan aka ɗaura min jakar yashi a idon sawu, daga nan jingina da bango kamar mai zama a kujerar da babu. Ta kuma koya min dokar matakala: in za ki hau, lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za ki sauka, mai ciwon ce gaba. Ta nanata min har ya zama ko gefen titi zan hau, hagu ce ke fara tafiya ba tare da na yi tunani ba.

A tsakiyar Yuli Elvedin ya kira yana fara'a, ƙurar siminti a girarsa. Ya ce an ba shi hutu, zai iso ranar Asabar sha shida ga Agusta, mahaifiyarsa kuma tana gayyatar mu shan kofi washegari bayan azahar. Na yi murna, Allah ya sani. Mama kuwa ta ɗauki wayarta ta shige kicin ta rufe ƙofa, ta yi awa biyu tana bincike a wajen duk wata mace da ta taɓa kwana a Travnik. Ta fito fuskarta a yamutse.

"Uwar tasa, Razija, mutuniyar kirki ce, kowa ya faɗa. Abu ɗaya ne. Ranar da aka kawo matar babban ɗanta, yarinyar ta shiga gidan da ƙafar hagu. Ta sa ta ta fita ta sake shigowa, a gaban 'yan biki, har da masu kiɗa."

"To ai kowa da dama yake shiga, Mama."

"Gidajen unguwar nan tsofaffi ne, dokin ƙofarsu dutse ne, hawa ake yi. Wace ƙafa matar nan mai ihu ta ce ki riƙa hawa da ita?"

Na kalli ƙafata ta hagu, ita ce lafiyayyar. Babo ma ya ajiye fensirinsa.

Washegari na kwashe duka na faɗa wa Goga. Ta saurara tana naɗe tef ɗinta a yatsa.

"Nawa ne tsayin dokin ƙofar?"

"Ban sani ba."

"Ki tambayo. Ni da santimita nake aiki, ba da surukai ba." Ta ɗan dube ni ta gefen ido. "Saurayin ya san da gwiwar?"

Na kalli silin.

"Ba aikina ba ne. Ɗaga ƙafa."

A cikin bas na rubuta masa, na goge, na sake rubutawa. Ga abin da na tura, ban rage komai ba:

"Mama na son ta kawo wa mamarka darduma ta bakin ƙofa, mai kauri. Nawa ne tsayin dokin ƙofarku, kada ta fi shi?"

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: "12."

"Ka tabbata? Ko tambaya ba ka yi ba."

"Barewa, ni na ɗora tayil ɗin wajen da hannuna. Ko daga barci aka tashe ni, 12 ne. Amma wace irin darduma ce wannan, ko katifa ce?"

Na tura masa fuskar dariya guda uku, alhali ba dariyar nake ba, ajiyar zuciya nake. Santimita goma sha biyu! Gefen titin gidanmu ma ya fi haka. Abin da kawai ya ja mana shi ne dole Mama ta je kasuwa ta sayo dardumar da gaske, ja mai zanen baƙi, tana ta mitar ba ta san ƙarya na da nauyi a hannu haka ba.

Goga ta fara ni da akwatin santimita takwas. Ƙafar dama a sama, hannu a ƙugu, ba dafa bango, ba tunkuɗo jiki da yatsun hagu. Karon farko gwiwar ta karkata ciki tana rawa, Goga ta tare ta da yatsa ɗaya. "Gwiwa ta kalli yatsan ƙafa na biyu. Ba ƙawarta ta hagu za ta je gaisarwa ba." Bayan kwana biyar muka koma goma. A gida Babo ya tattaro katakai a baranda ya ƙera min akwati, ya rubuta tsayin a gefe da fensirin jaridarsa. Kullum bayan la'asar in hau in sauka, shi yana ƙirgawa, Mama na leƙowa daga kicin tana cewa a bar yarinya ta huta haka nan.

Sati ɗaya kafin ranar na hau sha biyar sau goma a jere, gwiwar ba ta karkata ba. Goga ta auna cinyar, arba'in da huɗu da rabi. Ta zaunar da ni a na'urar da ake tura ƙarfe da ƙafa, ta duba allon.

"In hagu na da goma, dama na da bakwai. Ba laifi. Sha biyar kin iya, sha biyu kuwa ko kina waƙa. Ashirin sai nan da sati biyu. Abin da ya wuce haka kada ki kuskura, kin ji ni? In tsokar ta gaza a tsakiyar hawa, gwiwar ce za ta murɗe, ɗinkin ne zai biya. Ba na son in sake ganin ki da sanduna."

"Na ji, Goga."

"Ki kawo min baklava in an sa rana."

Ranar Lahadi na sa doguwar rigata koriya mai faɗi, wadda ta sauka har idon sawu ta rufe robar da ke gwiwata, da ɗan mayafi ruwan madara a kafaɗa. Mama ta fito min da takalmi mai tudu, na ce ko sama za ta faɗo shimfiɗaɗɗe zan sa. Ita ta sa kwat ɗinta mai ruwan toka na zuwa biki, a wannan zafin. Muka ɗauki tiren baklava, wato alkakinmu mai zuma, da ƙullin garin kofi, da kwalin sukari mai ƙwaya, da dardumar a naɗe. Babo ya wanke tsohuwar motarsa har da tayoyi.

Elvedin na jiran mu a bakin get, da farar riga, ya rame ya yi duhu. Da na gan shi sai na manta da gwiwa, na manta da komai. Ya sumbaci hannun Mama, ya rungumi Babo, ya karɓi tiren daga hannuna yana murmushi. Get ɗin a shafe yake da ƙasa, na shiga da dama lafiya lau. Tsakar gidan shimfiɗe da duwatsu, rumfar inabi ta rufe rabinsa, ga tumatir da barkono a jere a gefe. Ina takawa a hankali, ina zaɓen inda zan sa ƙafa.

"Yau Barewa an zama manya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Har tafiyar ta canza."

Na yi murmushi. Sai na ɗago na ga ƙofar gidan.

'Yan uwa, dutse ne fari guda ɗaya, tsakiyarsa ya lotsa saboda shekarun da aka yi ana taka shi, kuma tsayinsa ya kusa kamo gwiwata. Na tsaya ina kallonsa. Ta ƙofar da ke buɗe na hango tayil mai ruwan zuma a ciki, sumul, an ɗaga daɓen har ya kusa kai bakin dutsen. Nan take na gane. Darduma a ciki ake shimfiɗa ta. Na tambaye shi don darduma, ya ba ni awon ciki. Bai yi kuskure ko na santimita ɗaya ba.

Teta Razija, wato Inna Razija, na tsaye daga ciki, 'yar ƙaramar mace da farin ɗankwali, hannayenta manya kamar ba nata ba. Ta yi mana maraba da murya mai sanyi. Muka tuɓe takalma a waje. Babo ya hau da bismillah. Mama ta hau da dama, ta sumbaci Teta Razija a kumatu, sannan ta juyo. Ita ma ta ga abin da na gani, don fuskarta ta yi fari. Ta sunkuyo kamar za ta gyara min mayafi.

"Ki daure," ta raɗa min. "Sau ɗaya ne. Ki kama ƙyauren."

Na ɗaga ƙafar dama na ɗora a kan dutsen. Ɗorawar ba wuya. Dutsen da sanyi, na ji shi ta cikin safa. Na fara turo nauyina gaba a hankali, sai cinyar ta soma rawa, irin rawar da na sani tun akwatin takwas, gwiwar kuma ta fara neman karkata ciki. Zan iya fizgar jikina da ƙyauren in tunkuɗo da hagu. Wataƙila in hau lafiya, a sha kofi, kowa ya yi dariya. Wataƙila kuma in ji ƙas. Teta Razija ba fuskata take kallo ba, ƙafata take kallo. Elvedin na bayana da tire, yana jira.

Na sauke ƙafar.

"Teta Razija, ki yi haƙuri. Ba zan iya hawa da dama ba. An yi min aiki a gwiwar nan a watan Mayu."

"'Yar targaɗe ce," Mama ta yi caraf, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yaran yanzu, abu kaɗan..."

"Mama, ɗinki ne. Sati takwas na yi a kan sanduna." Na ɗan ɗage rigar har robar ta fito. Na ci gaba. "Ƙafar ba ta gama dawowa ba. Sha biyar nake iya hawa. Dardumar ma don in san tsayin nan ne na ƙirƙiro ta."

Ban juya na kalli Elvedin ba. Na dai ji ƙarar tiren da ya ajiye a kan benci.

Teta Razija ta dubi gwiwar, ta dubi dutsen. "Da hagu za ki iya?"

"Zan iya."

"A'a," ta ce. "Ba a fara shiga gidan nan da hagu."

Mama ta runtse ido. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na fara neman takalmina da ido.

Sai Teta Razija ta dafa ƙyaure ta sauko waje, ta zura silifas ɗinta na lambu.

"Mai yi miki gashin ta ce sati nawa?"

"Ban tambaye ta irin wannan tsayin ba. Shida, ko takwas."

"To. Kakan mijina ne ya kafa dutsen nan, ba inda za shi. Elvedin, fito da tebur ƙarƙashin inabi. Ka haɗo da ƙaramar kujera ta ɗora ƙafa. Ku ma ku fito, ba za a sha kofi rabi a ciki rabi a waje ba."

Babo ya sauko yana neman takalminsa, kafaɗunsa na girgiza da dariyar da yake dannewa. Ya ce, "Ai da an sa ɗan katako a gaban dutsen, da ta hau a biyu. Ni ma'aikacin katakonta ne."

"Ba na so a rage mata," in ji Teta Razija. "Ita ma ba ta so. Dubi fuskarta."

Ban san me ta gani a fuskar tawa ba, amma gaskiya ta faɗa.

Aka kawo kofi a tiren jan ƙarfe, da ƙananan kofuna marasa hannu. Mama ta zauna a bakin kujera, jakarta a ƙirji, ta kasa haɗa ido da kowa. Teta Razija ta zuba mata, ta tura mata sukari, sannan ta ce, "Kabeji kika sa mata?"

Mama ta ɗago a tsorace. "Kabeji."

"Ni ma shi zan sa. Kin rufe tagogi?"

"Duka."

"Madalla." Ta kurɓi kofinta. "Amma ɓoyewar ba ta yi ba, Subhija. Ni ba doki nake saya ba."

Mama ta fashe da kuka, ta fashe da dariya, duk a lokaci guda. Kafin a zuba kofi na biyu sun shiga musun ko ana sa ƙwai a pitar cuku. Aka shimfiɗa dardumar ma, a waje, a ƙarƙashin ƙafafuna. Da abin ya tsaya a nan, da yau labarin farin ciki zalla na kawo muku.

Elvedin ne bai shiga murnar ba. Ya ɗauko tebur, ya ɗauko kujeru, ya ajiye min ƙaramar a gaban ƙafa ba tare da ya kalle ni ba. Babo ya tambaye shi aiki, ya amsa da ladabi. Na miƙa masa baklava, ya ce ya gode, ya ajiye a gefen faranti. Can ana tsakiyar hira ya tashi ya shiga gida, ya fito da tef ɗinsa na ƙarfe. Ya durƙusa a gaban dutsen, daga waje, ya auna. Ya daɗe a durƙushe yana kallon tef ɗin, sannan ya sake shi ya koma da kansa, ƙarar ta sa kowa ya waiga.

Da za mu tafi bayan la'asar, Teta Razija ta cika mana leda da tumatir, ta riƙe fuskata da manyan hannayen nan ta ce in ci nama da wake, in bar pita. Elvedin ya raka mu har mota. Ya buɗe min ƙofa, ya tsaya ya ga yadda nake shigar da ƙafar da hannu biyu, abin da na saba yi har na manta ana gani. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya rufe ƙofar a hankali.

Ba mu fita daga Travnik ba wayata ta yi motsi.

"31. Daga waje."

Ina riƙe da ita wani saƙon ya shigo.

"Da kin ce don ƙafarki ne, Ilhana, da awon waje na ba ki. Da tun Mayu na zo."

Na karanta ya fi sau goma. Shekara guda da wata biyu, ranar ce karon farko da ya rubuta sunana.

Mama na gaba tana ba Babo labarin kirkin Razija kamar ba tare suke ba. Na ce, "Babo, akwai sauran katako a baranda?"

"Nawa ake so?"

"Talatin da ɗaya."

Ya dube ni ta madubi, ya dubi wayar da ke hannuna, ya ce, "Gobe da safe za ki same shi." Ya rage ƙarar rediyo.

Na rubuta dogon bayani, da tsoron da na ji, da Barewa, da Mama, da komai. Na goge. Na rubuta, "Na yi laifi. Ka ba ni sati takwas." Na tura.

Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta ɓace. Muka wuce gonakin masara, muka wuce gidan mai, rana na dukan gefen fuskata, ledar tumatir a kan cinyata. Sai da muka hango hayaƙin masana'antar Zenica amsar ta shigo.

"Ƙafar ce ke bukatar sati takwas. Ni ban san nawa nake bukata ba."

Yau Laraba. Akwatin na baranda, Babo ya rubuta 31 a gefensa, ko kusa da shi Goga ta hana ni zuwa. Ina kan sha takwas. Wayar kuma tana kan tulun furanni inda na saba ɗora ta, sai dai na matsar da tulun baya, yadda in ya kira zai gan ni tun daga kai har ƙafa.